Gwiwata Ta Yi Magana Gaban Gwaggo Altine

Assalamu alaikum 'yan uwa masu bibiyata. Na ga saƙonninku, masu cewa Latifa kin ɓace, Latifa ko an ɗaura ne ba ki gayyace mu ba. Ba a ɗaura komai ba. Abin da aka ɗaure gwiwata ce kawai, da wani baƙin bandeji mai rami a tsakiya, kuma ita za ta cinye mana shafin yau kaf. Wadda ta zo neman kalaman soyayya ta yi haƙuri, yau babu.

Ga waɗanda yau suka fara leƙowa: sunana Latifa, a Konni nake, sana'ata lalle. Ni ce mai zama bisa 'yar kujera gaban ƙafar amarya tun hantsi har la'asar ina zana mata fulawa. Mai nemana kuma Abdussamad, ɗan Badaguishiri, yana lodin albasa daga can ya kawo nan ya haɗa da masu tsallakawa da ita Najeriya. Ba mai surutu ba ne ko kaɗan. Ko cewa yana sona sai da na kusa tambayarshi da bakina.

Kafin babbar salla na hau kabu-kabu, moton haya mai ƙafa biyu, zan je kasuwa sayen kayan lalle. Amalanken jaki ya ɓullo daga lungu, mai moto ya taka birki, ni kuwa sai ga ni tsakiyar gudro, bisa kwalta, na sauka da ƙoƙon gwiwar dama. A likita aka yi mini radiyo, suka ɗaga hoton ƙashin suka duba, suka ce babu karaya. Inna ba ta yarda da su ba, ta kai ni wurin mai ɗori, ya ce targaɗe ne, ya ja ƙafar har na kira sunan kakata da ta rasu. Kumburi ya saɓe, fata ta warke, kowa ya ce alhamdulillahi. Ni ma na ce. Ashe ciwon can cikin gwiwa ya koma.

Idan na daɗe zaune ina lalle, sai na dafa kafaɗar amarya nake tashi. Saukowa daga matakala kuwa ƙafa ɗaya-ɗaya nake yi. Banɗaki ku bar shi kawai, duk wadda ta san tsugunno ta san abin da nake nufi. Salla bisa kujerar roba nake yi, ni da ko aure ban yi ba. Sai kuma ƙarar. Duk lokacin da na lanƙwasa ƙafar sai in ji ƙurus-ƙurus daga cikin gwiwa, kamar an tauna tsakuwa a cikin wake.

Abdussamad ne ya gaji da ganina ina ɗingishi, ya kai ni wurin masu motsa gaɓoɓi, waɗanda muke ce wa kine. Wadda ta karɓe mu Madam Nafisa sunanta, gajera, hannunta kamar na mai dakan sakwara. Ta kwantar da ni, ta ɗora tafina bisa gwiwata, ta ɗora nata a sama, ta ce in lanƙwasa. Muka ji tare.

"Kina cin cinyar kaza?" ta ce.

Na ce, "In na samu."

"Kin ga farin abin nan mai santsi a kan ƙashi?"

"Guringuntsi."

"Yawwa. Bayan ƙoƙon gwiwarki akwai irinshi, shi ke sa ƙoƙon ya yi ta sulɓi bisa ƙashin cinya ba ki ji komai ba. Da kika faɗi, ƙoƙon ya bugu, santsin ya kurje. Radiyo ba ya nuna wannan, shi ƙashi kawai ya sani. Yanzu dubi cinyar nan, ki dubi waccan."

Na duba. Wallahi ban taɓa lura ba, ta dama ta rame kamar ba tawa ba.

Ta ce tsokar cinya ita ke riƙe ƙoƙon bisa hanyarshi. Na daina morar ta saboda ciwo, ta saki, ƙoƙon ya fara karkata yana goga. Ƙarar ita kaɗai ba abin tsoro ba ce, akwai masu ita lafiya lau, ciwon muke bi. Na tambaye ta ko sai an yi aiki, ta ce ba mu kai can ba, kuma yawanci ba a kaiwa. Ta koya mini in kwanta bisa tabarma, in miƙe ƙafar, in ɗaure cinya, in ɗaga a hankali in sauke. In juya gefe in sake ɗagawa. Ƙanƙara cikin tsumma idan ta yi zafi, ƙwaya ta 'yan kwanaki, bandejin nan mai rami, sannan in nemi kujera mai tsawo in dinga ɗora ƙafar amarya bisa benci.

"Abu biyu na hana ki har sai na ce," ta ce. "Tsugunno da durƙuso. Kika durƙusa, duk nauyinki bisa kurjin nan yake sauka. Abin na watanni ne, ba na sati ba."

Na bi. Kullum da safe saƙon Abdussamad zai shigo salulata:

"Kin ɗaga ƙafa yau?"

"Na ɗaga."

"Madalla."

Soyayyarmu ke nan, kar ku yi dariya. Kuma ta yi amfani, don har na fara sauka daga matakala ban tsaya ba.

Sai wannan saƙon ya shigo ranar Lahadi: "Gwaggo Altine za ta taho Laraba, ta ci kasuwa ta biyo ta gan ki."

Gwaggo Altine yayar babanshi ce. Mahaifiyarshi ta rasu tun yana jinjiri, bai taɓa ba ni labarin yadda aka yi ba, ni ma ban tona ba. Gwaggon ce ta raine shi, kuma ita ce ungozomar unguwarsu, rabin samarin da ke noman albasa a can a hannunta suka faɗo. A gidansu ba a kai goron tambaya sai ta ga yarinya da idonta ta ce to.

Na rubuta mashi, "Ka faɗa mata zancen ƙafata?"

Na ga yana rubutu, ya goge, ya sake, ya goge. Can sai ga shi: "Ban so in ta da mata hankali."

Na aje salula na ci gaba da tsince shinkafa. Ban ji haushi ba, ban ji komai ba. Tun faɗuwar nan haka zuciyata ta koma, abu zai same ni in tsaya ina kallonshi kamar na maƙwabta ne.

Inna ce ta ji abin a madadina. Tana jin labari ta aje muciya.

"To ke Latifa, yaya za ki gaishe ta?"

"Da baki, Inna."

"Kar ki maishe ni abokiyar wasanki! A tsaye za ki gaida uwar miji awa sojan jandarma?"

"Madam ta hana ni durƙuso."

"Madam ita za ta aure ki? Mutanen Badaguishiri kika sani? Ɗiya ta tsaya masu ƙerere, kafin su kai tasha labari ya riga su gida, a ce 'yar Konni ce, idonta ya buɗe. Sau guda dai, ɗiyata. Ki kai ƙasa, ki gaishe ta, ki tashi. Sau guda ba ya kashe mutum."

"In faɗa mata gaskiya mana, in ce na yi hatsari."

"A'a! Ba a kai kaya kasuwa a fara nuna inda ya yage. Bari a kawo goro tukuna."

Na ce to. Ba don ta fi ni gaskiya ba, ƙarfin musu ne ba ni da shi.

Laraba tun safe Inna ta sa aka wanke ledar ɗaki, aka sauya labule, aka turara ɗakin har ido na yaji. Na sa atamfata kore mai zanen ganye, ɗinkin riga da zani, na yafa mayafi ruwan ƙwai. Na ja bandejin na ɗaure gwiwa tamau, zani ya rufe shi. Inna ta zagaye ni tana dubawa, ta ce in taka ta gani. Na taka. Ta ce in rage jan ƙafar, na rage.

Bayan azahar ta iso. Doguwar tsohuwa ce siririya, baƙin lulluɓi, hannuwanta duk jijiya, ƙafarta da ƙurar kasuwa. Ta ƙi kujera, ta zauna ƙasa bisa darduma ta miƙe ƙafafu. Suka gaisa da Inna, suka taɓa zancen zafi da tsadar albasa. Ina tsakar gida da faranti, fura da ruwan sanyi da soyayyen nama, sai aka ɗauke wuta. Fankar ɗaki ta yi juyi biyu ta tsaya, gidan ya yi tsit.

Inna ta ƙwala kira, "Latifa!"

Na yi sallama na shiga. Na aje farantin. Inna ta zuba mini ido, irin kallon nan da ba ya bukatar fassara. Na tattara zanina na fara sauka, ta hagu ta kai ƙasa lafiya, na biyo da ta dama.

Ƙurrrus.

Jama'a, ban taɓa jin ta yi ƙara irin ta ranar ba. Ko don shirun ne, oho. Wani zafi ya soke ni daga ƙoƙon har cikin cinya, gumi ya karyo mini, amma na buɗe baki na ce, "Ina wuni, Gwaggo. Kun taho lafiya?"

"Lahiya lau, ɗiyata. Tashi."

Na yunƙura, ƙafa ta ce ba da ita ba. Na sake yunƙurawa, na dafa ƙasa, na dafa bango, mayafina ya zame. Inna ta yi wata dariya wadda ba ta kai ciki ba, ta ce, "Kunya ce, Hajiya, 'yan yanzu in sun ga manya sai jiki ya mutu."

Gwaggo ko kallonta ba ta yi ba. Ta ce, "Bar tashin. Zamna, miƙo ƙahwar ga."

Na zauna na miƙa. Ta ɗage zanina da kanta, ta ga bandeji, ta zare shi a hankali. Ta ɗora tafinta bisa gwiwar, hannunta sanyi ƙalau, ta ce in lanƙwasa. Na lanƙwasa. Ta rufe ido tana saurare da hannu.

"Tun yaushe?"

"Tun kafin layya. Daga moto na faɗi."

"Abdu ya sani?"

"Shi ke kai ni likita."

Ta gyaɗa kai. Inna ta fara zuba, wai yarinyar akwai ladabi, wai ko da ciwon ta ce sai ta kai ƙasa, ita ce ma take hana ta. Na kalli Inna, ta kau da kai.

Gwaggo ta mayar mini da zanina ta rufe ƙafar, ta ce, "Hajiya, ni ba gaisuwa ta dame ni ba. Ko daga bisa katanga ta gaishe ni ina amsawa. Ladabi na gani, tun da ta kai ƙasa da wanga ciwo." Ta juyo gare ni. "Amma ke ɗiyata, in kinka ji an ce wance tana kan gwiwa, mi aka nuhi?"

Na ce, "Tana naƙuda."

"To. Ba banza anka ce haka ba. Ranar nan gwiwa ita ka riƙe mace, wani lokaci tun asuba har rana ta hwaɗi. Ke ko gaisuwa ba ki ƙare ba ta kada ki."

Sai lokacin na gane inda ta dosa. Ni da Inna mun kwana uku muna shirin gaisuwa, ashe ita can gaba take kallo.

Na ce, "Gwaggo, ai yanzu a likita bisa gado ake haihuwa. Kwanciya ake yi."

Inna ta harare ni. Gwaggo ba ta ɗaga murya ba.

"Na sani. Matan da na karɓa bisa gwiwa ba ni iya ƙirga su, suna nan suna daka. Guda ɗai na bari anka ɗauka daga hannuna, anka sa ta mota, anka kwantar da ita bisa gadon nan naku. Matar ƙanena. Ina tsaye bakin taga ina kallo, sunka hana ni shiga. Ba ta tashi ba."

Ta ɗauki kofin ruwa ta kurɓa, fura ko taɓawa ba ta yi ba. Ta miƙe tsaye ba ta dafa komai ba, tsohuwa da ita, ta sa mini albarka, ta ce Allah ya ba da lafiya. Inna ta raka ta har ƙofar gida tana ta magana ita kaɗai.

Na zauna a wurin ina jiran kuka. Na san nan ne ya kamata a yi shi, ko a labaran da nake karantawa nan ake yi. Bai zo ba. Na ja jiki na ɗauko ƙanƙara cikin kula, na naɗe a tsumma na ɗora, na cinye naman baƙuwar tas.

Washegari gwiwa ta kumbura. Na kira Madam Nafisa, tana jin muryata ta ce, "Kin durƙusa."

Na ce, "Sau guda."

"Sau gudan nan ya mayar da mu baya, amma ba a rasa komai ba. Ki huta da ita, ƙanƙara, idan kumburi ya sauka mu ci gaba."

Sannan na tambaye ta abin da ban taɓa zaton zan tambayi kowa ba ina budurwa, ko mai gwiwa irin tawa na iya haihuwa. Ta yi dariya, da ta ji ban yi ba ta daina.

"Latifa, gwiwa daban, mahaifa daban. Mace na haihuwa a kwance, a gefe, a zaune, har wadda ba ta da ƙafa na haihuwa lafiya. Waɗanda suke rasuwa a gadonmu, yawancinsu sai da abin ya gagara a gida aka kawo su. Ba gadon ba ne, jinkirin ne. Kuma gwiwarki in kin bi ta a hankali, akwai ranar da za ki durƙusa. Ba dai yanzu ba, kuma ba ni sa miki rana."

Na ce na gode. Amsa ce mai kyau, na juya ta a raina ina neman yadda zan kai wa tsohuwar da ta tsaya bakin taga, ban samu ba.

Abdussamad bai turo "kin ɗaga ƙafa" ba ranar, bai turo washegari ba. Inna ta shiga ta fita tana cewa bakina ne ya ja, wa ya aike ni zancen gado. Ran Asabar bayan la'asar sai ga saƙo: "Ina ƙofar gida."

Na fito da kujerar robata. Yana tsaye jikin motonshi, shadda ruwan toka duk ta yamutse, warin albasa na tashi daga jikinshi, daga wurin lodi yake. Muka gaisa. Ya tambayi ƙafa, na ce da sauƙi.

"Gwaggo ba ta ƙi ba," ya ce. "Ta ce kina da hankali. Ta ce ta so ki."

"Amma?"

Ya murza makullin moto a hannunshi. "Ta ce in an ƙare kwasar albasa za ta dawo. Ki durƙusa gabanta, ta ja carbinta har ta kai ƙarshe. In kin iya, washegari a kawo goro."

"In ban iya ba fa?"

Ya ci gaba da murza makullin.

Na ce, "Kai ka kai ni wurin Madam. Kana zaune ta ce in na durƙusa ina ɓata aikin. Kwasar albasa kuma ba nisa. Ka ga abin da kuka ba ni? In na gwada don in iya, gwiwa ta lalace. In na bar ta ta warke, ranar ta same ni ban iya ba."

"Na sani."

Na faɗa mashi duk abin da Madam ta ce, gwiwa daban mahaifa daban, ba gadon ba ne, jinkiri ne. Yana ta gyaɗa kai. Shi fa ya yi lakwal, makarantar boko, ya fi ni karatu, ƙannenshi mata 'yan uba duk a likita suka haihu, shi ke kai su da kanshi. Don haka na kalle shi na yi tambayar da ta rage mini.

"Bar zancen Gwaggo. Ita na gane ta, wallahi ko haushinta ban ji ba. Kai nake tambaya, Abdussamad. Kai ma ka yarda sai na iya durƙuso?"

Na ɗauka zai ce a'a, haƙuri kawai za mu ba tsohuwa. Da ya faɗi haka, da na san inda zan sa ƙafata. Sai ya sunkuyar da kai yana kallon zanina daidai wurin bandejin, ya daɗe.

"Da kaina na san Madam ta fi gaskiya," ya ce. "Amma tun ran Laraba, in na rufe ido ke nake gani bisa gadon nan. Latifa, ni anka ciro daga cikin matar nan da Gwaggo ta ba ki labari. Ni ne abin da ya rage a gadon."

Idonshi ya kaɗa ya yi ja. Ban taɓa ganin haka a fuskarshi ba. Aka kira magariba, ya share fuska da hularshi, ya tada moto.

Har ya juya kan moton, sai ya tsaya, bai waiwayo ba.

"Ba ni cewa ki gwada," ya ce. "Amma ban iya ce miki kar ki gwada."

Na ɗauki kujerata na koma ciki. Inna na tsakar gida da buta, ta ce, "Mi ya ce?"

Na ce, "Ya ce a gaishe ki."